Me ya haɗa tekun Peru da buhun masara a kasuwar Katako?

Mai Dankalin Bokkos:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, amma don Allah kar a yi mini dariya. Daren jiya ina kwance da rediyo a kunne na ji ana maganar wani abu wai shi El Ninyo. Mai bayanin ya ce in ruwan wani teku can gefen Amurka ta Kudu ya yi ɗumi, sai abinci ya yi tsada a duniya. Ni dai fiye da shekara ashirin ina noman arish, wato dankalin Turawa. Abin da na sani, ruwa ya sauka a Afrilu mu shuka, wajen Yuli mu haƙe mu kai kasuwar Maikatako. Yanzu kuwa ruwan sai ya sauka ya yaudare ka, ka binne iri ya ɗauke, ko kuma ya tsuge babu ƙaƙƙautawa har ganye ya ƙone. Shin wannan El Ninyon ne ke yi mana haka, ko dai zancen 'yan boko ne?

Ba Na Yarda:
Wa alaikumus salam. Zancen 'yan boko ne Malam, kwanta ka yi barcinka. Duk sanda aka kasa sai a nemo wani suna mai wuyar faɗa a jingina masa laifi. Teku ne ya cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023? Teku ne ya karya naira? Teku ne ya hana mutanen Mangu da Bokkos kwana a gonakinsu?

Hajiya Mai Tuwo:
Ni ma abin da zan ce ke nan. Ina sayar da abinci a Taminus, ni nake zuwa kasuwa da ƙafata. A 2024 buhun shinkafa ya haye naira dubu 80, sai da na rage girman malmala har masu ciniki suka fara yi mini habaici wai tuwona ya yi azumi. Ban ga teku a wurin ba, dala na gani.

Malamin Labarin Ƙasa:
Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, don wannan shi ne abin da nake koyarwa a aji, kuma kullum sai yara sun yi mini irin kallon da Ba Na Yarda yake yi mini yanzu ta waya.

Tekun Fasifik shi ne mafi girma a duniya, ya kusa cinye kashi ɗaya cikin uku na fuskar ƙasa. A shekarar da komai ke daidai, akwai iska mai kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsakiyarsa. Kamar dai ka zuba koko mai zafi a kwano kana hura shi, saman ya riƙa taruwa a ɗaya gefen. Haka iskar nan take tura ruwa mai ɗumi ta tara shi wajen Indonesiya da Ostireliya. A gefen Peru kuma ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbin. Inda ruwan ɗumi yake, nan tururi ke tashi, nan hadari ke haɗuwa.

To, duk bayan shekara biyu zuwa bakwai sai iskar ta yi sanyin jiki. Ruwan ɗumin da ta tara sai ya komo gabas, hadarin ya biyo shi. Indonesiya da Ostireliya su shiga fari, hamadar Peru ta sha ambaliya. Masuntan Peru ne suka raɗa masa El Ninyo, wato ɗa namiji da yaren Sifaniya, don sun lura wajen Kirsimeti ruwan yake ɗumama kifi ya gudu. In kuma iskar ta wuce ƙa'ida wajen ƙarfi, tekun ya yi sanyi fiye da kima, ita ce ake kira La Ninya.

Abin da ya sa ya shafi kowa: murhu ne mafi girma a duniya aka gusar daga mazauninsa. Iskar sama duka sai ta canza hanya.

Ba Na Yarda:
Malam, na kama ka. Kai da kake koyarwa, fita waje ka duba. Hadarin Jos daga ina yake tasowa? Daga gabas, ta wajen duwatsun Shere. Teku kuma yana kudu, can Legas. In ruwan sama daga teku yake, me ya sa hadari ba ya zuwa ta Akwanga?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wallahi tambayar ta yi, da ɗalibina ne da na ba shi maki. Iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda ke ɗauke da laima, daga Tekun Atlantika take shigowa ta kudu maso yamma, ita ce wadda kake ji da damina tana sa gishiri ya jiƙe a kwano. A samanta kuma akwai wata mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Laimar ta kudu ce, amma in hadarin ya haɗu ya yi tsawo, ta saman ce ke tuƙa shi. Shi ya sa kake ganin ya taso daga gabas.

Daminarmu gaba ɗaya kokawa ce tsakanin iskar teku da busasshiyar iskar hunturu ta Sahara. Layin da suke karo yana hawa arewa daga Maris, ya kai ƙarshensa a Agusta can cikin Nijar, sannan ya juyo. Shi ya sa Fatakwal ke samun ruwa kafin Jos, Jos kafin Kano, Kano kafin Damagaram. Duk abin da ya hana layin nan hawa sosai, ko ya sa shi jinkiri, manomin gero a Daura ne zai fara ji a jikinsa.

Amma in faɗi gaskiya don kar Mai Dankali ya tafi da rabin zance: a wajenmu El Ninyo ba shi kaɗai ke da magana ba. Yakan rage ruwan Sahel, amma ɗumin Atlantika da na Bahar Rum su ma suna ja. Inda hannunsa ya fi fitowa ƙarara shi ne kudancin Afirka, Indiya, Ostireliya da Indonesiya.

Baba Malamin Gona:
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

Ku yara kuna gardama a kan abin da muka gani da ido. A 1973 ina sabon ma'aikacin gona a ƙasar Kano. Na ga shanu kwance a bakin hanya, fata da ƙashi, ungulu ma ta ƙoshi ta daina sauka. Na ga Buzaye sun gangaro daga Nijar da mata da yara, mutanen da a da ba sa roƙon kowa. Gyaɗar da ake tara dala da ita a Kano, fari ya kassara ta, a 1975 cuta ta zo ta ƙarasa. Daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. Sai kuma 1983 da 1984, wanda ya fi na farkon ƙarancin ruwa. Mutanen Nijar har yau suna kiran yunwar 1984 da El Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da aka rufe iyaka, hatsin Najeriya ya daina shiga. Kakanninmu kuma suna ba mu labarin Kakalaba ta 1914.

A lokacin babu wanda ya ce mana El Ninyo. Sai daga baya na ji cewa an yi mai ƙarfi a 1972, an kuma yi wani a 1982 zuwa 1983. Ban ce shi kaɗai ba ne, amma ni dai ban yarda faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama har sau biyu ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da Baba ya faɗa akwai ƙarin bayani mai ɗaure kai a kansa. Shekara da shekaru ana ɗora laifin farin nan a kan talakan Sahel, wai ya sare itatuwa, wai dabbobinsa sun cinye ciyawa. Sai a 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa yanayin ɗumin tekuna ya isa ya bayyana yawancin farin. Arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada da kudancinsa, layin ruwan sama ya ƙi hawa. Masana da dama kuma suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun, don yana tare hasken rana. Wato mai masana'anta a can ya ƙona kwal, makiyayi a nan ya rasa saniya, sannan aka ce shi ne mai laifi. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, a shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba.

Ɗan Katako:
Ni ban yi boko mai nisa ba, hatsi nake saye da sayarwa, amma bari in taya Malam da abin da na sani ta hanyar aljihu. Hajiya ta ce dala ta gani. Gaskiya ne. Amma Hajiya, shinkafar waje da ke shigowa ta Kwatano daga ina take? Indiya da Tailan. Indiya ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe. A Yulin 2023, da suka ga El Ninyo ya kunno kai ga zaɓe na tafe, sai suka hana fitar da farar shinkafa in ba basmati ba. Wata ɗaya bayan nan suka sa harajin kashi 20 a kan turararriya, irin wadda muke ci. Farashin shinkafa a kasuwar duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba cikin shekara 15. Mu kuma a daidai lokacin naira ta faɗi, kuɗin mota ya ninka. Duka biyu aka yi mana, ta sama da ta ƙasa.

Kuma in ta waje ta tashi, 'yar gida ba ta zama. Mai injin casa a Kano yana da waya, yana jin farashi.

Hajiya Mai Tuwo:
Au, kai ne za ka yi mana wa'azi Alhaji? Ku da kuke saye da kaka ku kulle a sito sai ta yi tsada? Indiya ce ta ce ku ɓoye?

Ɗan Katako:
Hajiya, a yi mini adalci. In ban saya da kaka na ajiye ba, wa zai sayar miki a watan Yuli? Kuma ki tambayi waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 yadda ta kaya da su a 2025, bayan gwamnati ta ɗage haraji kan shigo da hatsi na kwana 150 kaya suka cika kasuwa. Akwai wanda ya sayar ƙasa da yadda ya saya, har yau bai miƙe ba. Ba kullum ake kwana a gado ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a riƙa sassautawa. Hajiya da Alhaji, cinikinku ku ƙarasa shi a Katako. A koma kan tambayar Mai Dankali.

Mai Tarwaɗa:
Ni fa da na ji an ambaci Peru sai da gabana ya faɗi. Ina kiwon kifi a wajen Lamingo. Abincin kifi mai kyau da garin kifi ake haɗa shi, kuma Peru ce kan gaba a duniya wajen yin garin, daga wani ɗan mitsitsin kifi mai son ruwan sanyi. A 2023 da ruwan ya ɗumama, gwamnatinsu ta soke kakar kamun farko gaba ɗaya. Garin kifi ya yi tsada ko'ina. Ni da nake nan Jos, ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin, sai da na kwashe kifina tun bai kai girman da nake so ba na sayar wa masu banda, don na kasa ciyar da shi. Saboda haka Ba Na Yarda, ni dai na yarda, don a tafkina na gani.

Ba Na Yarda:
To na ji. Amma ku amsa mini wannan. In teku ne, me ya sa Amurka ba ta yunwa? Su ba a duniyar suke ba? Me ya sa kullum sai mu?

Maman Tagwaye:
Yaya, ai ka amsa wa kanka. Ina gaisuwa ga Baba da kowa. Ni 'yar Mangu ce, ina aikin jinya a nan Jos amma duk shekara ina noma masara a gida. A 2024 ruwa ya ɗauke mana tsakiyar damina, daidai masara tana fitar da bunu. Wanda ya san masara ya san wannan ne lokacin da ba ta yafiya. Da safe ka je gona ganyen ya naɗe kamar tabarma, ka murza ƙasa ta bi iska. An yi addu'ar roƙon ruwa a coci, an yi a filin idi. Bayan 'yan makonni kuma sai ga labarin madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a watan Satumba. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, wasu na kukan fari wasu na kukan ambaliya.

Manomin Amurka in haka ta same shi, yana da inshora, yana da ban ruwa, yana da rumbun da zai ajiye na bara. Ni kuwa bashin taki na ci. Kuma rabin gonar ma ban noma ba, don ta yi nisa da gari, babu mai yarda ya je can shi kaɗai tun rikicin 2023. To ka ga fari ya zo ya tarar da mu dama a durƙushe.

Malamin Labarin Ƙasa:
Maman Tagwaye ta gama magana. Ni ban taɓa cewa teku ne ya cire tallafi ba. Ku dubi misalai biyu.

El Ninyon 2023 zuwa 2024 ya busar da kudancin Afirka. Zambiya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan bala'in fari a ƙarshen Fabrairun 2024, Malawi ta bi a Maris, Zimbabwe a Afrilu. Masarar Zambiya ta ragu da fiye da rabi. Madatsar Kariba ta janye har wutar lantarki ta zama sai an yi sa'a. Wahala ce sosai, amma an san tana tafe tun watanni kafin nan, an shigo da hatsi, ba a yi mutuwar ɗimbin jama'a ba.

Somaliya kuma La Ninya ce ke cutar da ita, don ita ke hana gabashin Afirka ruwa. A yunwar 2011 mutane kusan 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Farin ya shafi Kenya da Habasha ma, amma a Somaliya aka yi wannan asara, saboda yaƙi ya hana agaji isa. Daga 2020 zuwa farkon 2023 La Ninya ta yi shekara uku a jere, yankin ya rasa damina biyar a jere. A waɗannan shekarun ne Ajantina ta yi asarar kusan rabin waken suyarta, Pakistan ta nutse a 2022, mu ma a 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 bayan ruwa mai yawa da sakin madatsar Lagdo ta Kamaru. Gonakin shinkafa a bakin Binuwai da Kwara sun tafi.

Ɗan Katako:
Malam ka manta alkama. Burodi da taliya da fulawar da muke ci, kusan duk alkamar daga waje take zuwa. A 2010 zafi ya ƙone gonakin Rasha, gwamnatinsu ta hana fitar da alkama a watan Agusta. Masar da ta fi kowa sayen alkama ta ji jiki, bayan 'yan watanni kowa ya ga abin da ya faru a titunan Alƙahira. Ban ce burodi kaɗai ya kawo shi ba, amma ciki da yunwa ba ya jin lallashi.

Abin da na lura da shi a sana'ata, babba da ƙarama duk hali ɗaya ne. Da an ji ƙishin-ƙishin ƙarancin kaya, mai shi sai ya rufe ƙofa. Indiya ta rufe, Rasha ta rufe, mu ma mun sha rufe iyaka. Rufewar tana tayar da farashi fiye da farin kansa.

Hajiya Mai Tuwo:
Yau ga mai sito yana zagin masu rufe ƙofa. Allah mai iko.

Mai Dankalin Bokkos:
Hajiya ki bar Alhaji ya huta haka. Malam, na gode, na ƙaru. Amma har yanzu ba a zo kan arish ɗina ba. Mu matsalarmu ba fari ba ce sosai, ruwa ne da hazo. A 2022 na shuka Nicola da Marabel, gona ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Sai aka yi kwanaki ana yayyafi, rana ba ta fitowa, hazo ya kwanta a kan tudu. Ran nan na ga ɗigon baƙi a gefen ganye, ƙasan ganyen da wani fari-fari kamar gari. Kafin mako ya zagayo gonar ta koma kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, har wari take. Da na haƙa, dankalin ya ruɓe a ƙasa. Ba ni kaɗai ba, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi duk an yi kuka a shekarar.

Baba Malamin Gona:
Ɗana, wannan cutar tsohuwa ce. Ita ce ta kashe dankalin ƙasar Ayalan daga 1845, mutane kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da haka suka yi hijira. Sunan arish da kuke kira ma daga sunan ƙasar ya samo asali. Sanyi da laima take so, kuma tudun Jos da ya haura mita 1,200 ya ba ta duka biyun. Abin da ya sa dankali ke yi a nan shi ne ya sa ita ma take yi. Shekarar da damina ta yi nauyi, ta yi yawan hazo, shekararta ce.

Kuskuren da nake gani, sai an ga baƙin ake gudu neman magani. A lokacin an makara. Feshi kafin ta shigo ake yi, da zarar an ga sama ta rufe kwana biyu uku. Kuma ku daina ajiye iri daga gonar da ta kamu. Ku je Kuru, wurin binciken dankali, ku tambayi irin da ke da juriya. Sannan a tayar da kunya sosai don ruwa ya riƙa wucewa.

Nan ne amfanin zancen Malam yake. In an ce maka bana damina za ta yi nauyi, ka san kuɗin feshi za ka tanada tun kafin na taki ya cinye aljihu.

Ba Na Yarda:
Baba, da girmanka, amma wa ya san gobe in ba Allah ba? Hasashen nan nasu sau nawa suna cewa za a yi ruwa a wayi gari rana ƙwal?

Baba Malamin Gona:
Babu mai sanin gaibu sai Allah, wannan haka yake. Amma in ka ga hadari ya haɗu a gabas ka kwashe shanya, gaibu ka sani? Alama ka karanta. Su ma alama suke karantawa, sai dai tasu na'urori ne da aka jera a cikin teku suna auna ɗumin ruwa. Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka nuna masa shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, ai bai naɗe hannu ba. Cewa ya yi a bar hatsin a zangarniyarsa a adana. Maman Tagwaye, ku ma kuna da labarin a naku littafin.

Iyayenmu haka suke yi. Damin gero da na dawa a rumbu, ba a sussuka ba, yana shekara biyu uku. Maigidan kirki ba ya taɓa na bana sai na bara ya ƙare. Yanzu fa? Ranar da aka girbe a ranar ake casa, a ɗura a buhu, mota na jira a bakin gona, don bashi na jira a gida.

Maman Tagwaye:
Haka ne Baba, muna da shi, tun muna yara ake koya mana. Ni abin da na koma yi, na raba gonar. Kashi ɗaya masara mai saurin nuna, kashi ɗaya acca. Kakata ba ta taɓa barin acca ba, muna yi mata dariya wai wahalar sussuka ta fi abin da ake samu. A shekarar da masara ta naɗe, accar ko a jikinta, kuma ba ta nemi buhun taki ko ɗaya ba. Gwatenta muka sha har aka yi sabuwar kaka. Masarar da na samu kuma na zuba a buhun nan mai ruɓi uku da ba ya shan iska, ƙwari ba su taɓa ta ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Kan maganar hasashe, Ba Na Yarda yana da 'yar gaskiya. A 1997 an yi El Ninyo mai ƙarfin gaske, kowa ya sa ran Indiya za ta bushe, sai daminarsu ta zo daidai. Dalili, Tekun Indiya shi ma yana da nasa juyin, wani lokaci yammacinsa ya fi gabashinsa ɗumi, kuma a shekarar ya rage wa El Ninyo kaifi. Wannan juyin ne a 2019 ya jawo ruwa mai yawa a gabashin Afirka, farin ɗango suka samu wurin hayayyafa, Kenya ta ga irin wanda ba ta gani ba cikin shekara 70, a lokaci guda dazukan Ostireliya na ci da wuta. Saboda haka hasashen damina ba alƙawari ba ne, rinjaye ne. Kamar a ce maka hanyar nan an fi yin haɗari da daddare.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa, da lokacin ɗaukewarsa, da inda ake tsoron ruwa zai yanke a tsakiya, kuma yanayin Tekun Fasifik na cikin manyan abubuwan da take dubawa. Matsalar, a ɗakin taro a Abuja ake ƙaddamar da shi, a tafa, a watse. Malaman gona irin su Baba da za su kai shi ƙauye sun yi ritaya, ba a ɗauki madadinsu yadda ya kamata ba.

Sannan ga ɗumamar duniya a ƙarƙashin duk wannan. 2023 ta karya tarihin zafi, 2024 ta karya na 2023. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, ta fi kuma saurin busar da ƙasa. Shi ya sa in ya tashi zuba sai ya zuba na wata guda a kwana biyu.

Ba Na Yarda:
To ni dai matsayina bai canza ba, sai dai na ɗan gyara shi. Teku ya yi nasa, na ji. Amma teku ba ya tsayawa zaɓe, ba zan iya tuhumarsa ba. Wanda zan tuhuma shi ne wanda aka gaya wa tun Fabrairu bai yi komai ba. A 2024 da aka ce an buɗe rumbun gwamnati, tan 42,000 aka fitar, ga mutum fiye da miliyan 200. Ku raba ku gani ko kowa zai samu cikin gwangwanin madara biyu.

Mai Tarwaɗa:
Yau Ba Na Yarda ya yarda da rabi. A rubuta ranar.

Ba Na Yarda:
Kashi ɗaya cikin uku dai.

Mai Dankalin Bokkos:
Malam, don Allah in ka samu na bana ka ciro mana shafin Filato kaɗai ka sa a nan, da Hausa, ban da dogon turanci. Baba, yau kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ba a wajenmu, tun asuba hazo ya rufe har ba na hango gonar maƙwabcina. Maganar da ka yi ta tsaya mini a rai. Yaro ya tafi ɗauko injin feshi wurin ƙanina, in yayyafin ya tsagaita kafin azahar zan shiga.

Baba Malamin Gona:
Ka bari ganyen ya ɗan sha iska tukuna, kuma ka juya bakin injin ya samu ƙasan ganye, can take fara kamawa. Ka rufe hancinka.

Hajiya Mai Tuwo:
Mai Dankali, in Allah ya sa ta tsira ka ajiye mini buhu biyu, manya, kar ka bari Alhaji ya riga ni.

Ɗan Katako:
Ni hatsi nake yi Hajiya, arish ba ya zama a sito.